Wata Guda a Kicin Ɗin Ya Falmata

Tun da na dawo daga Maiduguri ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a layin injin markaɗe a tare ni, har a wurin aiki masu wanke-wanke sai su bar kwanuka a ruwa su zo su tsaya a kaina. Rabi, da gaske ana jin harbi? Rabi, me suke ci? Ba ki ji tsoro ba? Na ba da labarin guntu-guntu har na daina gane wanda na gaya wa farkonsa da wanda na gaya wa ƙarshensa. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce ke riƙe da kicin a wani gidan abinci a nan Kano. Wadda ta kai ni Barno kuwa wata baiwar Allah ce, Ya Falmata. A shekarun da rikici ya yi tsanani ta yi hijira zuwa Kano, ta kama ɗaki a gidan da ke kallon namu a Gwammaja, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. Da gari ya ɗan lafa ta tattara ta koma, ta buɗe gidan abinci a unguwar Limanti. Muka ci gaba da gaisawa a waya, har wata rana ta kira ni ta ce:

"Rabi, ina so ka zo ka koya wa 'ya'yana girkin nan naku na otal."

Hausarta ke nan, ba ruwanta da ka da ki, kuma haka na tarar da da yawa daga mutanen can. 'Ya'yan da take nufi mata ne da rikici ya koro daga garuruwansu, ta ɗauke su tana koya musu aiki. Ta ce sun iya burabusko da miya yadda ba a magana, amma ofisoshi da masu biki yanzu soyayyiyar shinkafa suke nema, da samosa, da kek, sai aikin ya riƙa wuce su ya tafi hannun baƙi.

Inna da ta ji, cewa ta yi ko ina da gadon da zan karɓo a can. Maigidana, Abban Walid, ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce, "Matar nan ta zauna da mu ba mu ga komai ba sai alheri. Ki je, amma duk inda kuka tsaya ki kira ni." Alhajin da nake wa aiki ya ba ni hutun wata guda, yana ta jaddada mini kalmar guda.

Mun tashi daga tasha bayan sallar asuba, domin direba ya ce akwai lokacin da ake rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma, wanda ya makara sai dai ya kwana a baya. Kusa da ni wani dattijo ne mai sayar da huluna, kowa a motar Baba Alhaji yake ce masa. Tun daga Wudil ya buɗe ledar dabino, bai rufe ta ba har Azare. A Potiskum mota ta fara tari, makanike ya shiga ƙarƙashinta bai fito ba sai da la'asar ta kawo jiki. Da muka isa Damaturu direba ya kashe mota ya ce nan za a kwana, ba wanda ya yi masa musu.

Mata aka kai mu rumfar wata mai tuwo a cikin tasha. Na ga jama'a sun yi mata yawa, yarinyarta ba ta zo ba, sai na naɗe hannun riga na karɓi zuba miya. Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba, ta dai matsa mini. Da aka watse ta shimfiɗa mini tabarmarta ta kanta, ta ce wadda ta riƙe mata ludayi ba za ta kwana a kan benci ba.

Da safe sai da rana ta ɗago aka buɗe hanya. Daga nan motar ta yi tsit. Baba Alhaji ya mayar da dabino aljihu ya ciro carbi. Ba zan tsaya bayanin abin da ke gefen hanya ba, gidaje ne babu rufi, wasu kuma an sa musu sabon kwano yana walƙiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a irin wurin nan sai ka ga mace ta kafa kasko tana suyar ƙosai, yara sun yi layi da kayan makaranta.

A ƙofar gari aka ce kowa ya sauko da kayansa da katin shaidarsa. Mu da muka saba shiga gari mu fita ba mai ce mana kanzil, sai na ji kamar wata ƙasar zan shiga. Wani soja matashi ya zuge jakata, ya ɗaga atamfofi, ya ciro wani tsohon zani a naɗe. Sai a lokacin na tuna abin da ke ciki. Wuƙaƙena ne na aiki, har da babbar nan ta sarar nama. Duk mai girki ya san ba a zuwa aiki da wuƙar aro, amma ko kusa ban kawo wa raina yadda za su kasance a idon soja ba.

Ya warware zanin a ƙasa. Mutanen da ke kusa da ni suka ja da baya.

"Madam, wannan na mene ne?"

Baba Alhaji ne ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, kuku ce. Jiya a Damaturu ita ta zuba mana miya."

Sojan ya kira na gaba da shi, wani mai furfura a gefen kunne. Babban ya dubi wuƙaƙen, ya dube ni, sannan ya juya ga wata mata da ke tsaye da buhun albasa ya ce ta ara masa guda. Ya ɗora ta a kan benci ya ce, "Hajiya, yanka mu gani."

Da wuƙar ta taɓa albasa sai hannuna ya tuna aikinsa. Kafin ya gyara tsayuwa na gama, siri-siri kamar za a yi kwaɗo. Ya yi dariya, ya ce rabonsa da ganin irin yankan nan tun a gidan mahaifiyarsa. Ya ce in naɗe su in ba direba ya ajiye har tasha. Albasar kuma ƙaramin sojan ya kwashe ta a hularsa, ya ce ta taliyarsu ce. Mai albasa ta ce ta bar musu sadaka.

Ni da na zaci kufai zan tarar, sai ga gari cike da mutane. Keke napep, wato adaidaita sahunmu, kamar fari, babu ɗan acaɓa ko ɗaya. Itatuwan darbejiya sun yi wa tituna rumfa. Ga 'yan jami'a da littattafai, ga motocin kai amarya suna ta oda. Ko'ina kuma ƙugin janareta, domin a lokacin garin ya daɗe rabonsa da wutar lantarki. Zafi kuwa, mu Kanawa mu daina cika baki.

A gidanta na unguwar Mairi Ya Falmata ta sauke ni. Gaisuwar kaɗai ta isa a dafa shinkafa: "Wushe, wushe," a tambayi gajiya, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a koma kan gajiya. Kafin a ba ni ruwa ma an kawo kasko an turara ni, an turara ɗakin, an turara mayafina. Mu a Kano turaren wuta na amarya ne da ranar Juma'a, su kuwa kamar gishiri ne a miya. Aka kawo burabusko da miyar bandar kifi, man shanu na yawo a kai, da wani ruwan tsamiya mai sanyi da suke ce wa ardeb. Na ci har na ji kunya, Ya Falmata tana ta cewa ban ci komai ba.

Washegari muka tafi Limanti. Gidan abincin ba wani babba ba ne, zaure ne mai tebura da kujerun roba, sai kicin a baya, rabi rufaffe rabi fili, murhun gawayi a jere. Mata kamar goma sha, da samari biyu masu kai abinci ofisoshi. Akwai Barebari, akwai Shuwa, akwai Margi, har da mai sarƙar giciye a wuya, Hausa ce ke haɗa su.

A ranar na tafka kuskurena. Zan nuna musu kwaɓin fulawar samosa, ina son ruwa mai sanyi, firji kuma ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka. Aka sayo ƙanƙara dunƙule guda. Na ɗora ta a kan babban tire na ƙarfe, na ɗauki taɓarya na sauke mata iya ƙarfina.

Da na ɗago kai, rabin kicin ɗin na ƙasa. Wata ta rungume kanta, wata ta yi bakin ƙofa, wata doguwar mata kuma ta shige ƙarƙashin tebur, idonta a buɗe amma ba mu take gani ba. Ni kaɗai ce a tsaye da taɓarya a hannu.

Ya Falmata ba ta yi faɗa ba. Ta je ta zauna a ƙasa kusa da teburin, tana yi wa matar magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, har ta fito. Sannan ta ce da ni, "Laifina ne, ban gaya maka dokar gidan ba. A nan, in za ka yi abin da zai yi ƙara, sai ka faɗa tukun."

Haka kuwa na gani. Mai tayar da janareta sai ya leƙo ya ce, "Ga ƙara nan." Mai sauke murfin babbar tukunya, mai fasa ƙashi, mai jan buhun gawayi, kowa sai ya faɗa, sauran su amsa da "To" ba tare da sun ɗago ba. Na yi aiki a kicin iri-iri, inda ihu da buga tukwane su ne alamar ana aiki. Ban taɓa ganin inda ake ciyar da jama'a masu yawa haka cikin tausasa wa juna ba.

Tsarin koyarwarta ma abin kallo ne. Kowa da wanke-wanke yake farawa, amma ba mai tsufa a can. Daga nan sai hura wuta da gyaran kayan miya, sai tukunya, sai zaure wajen baƙi, sai cefane. Ba a ɗaga mutum gaba sai ya koya wa na bayansa abin da zai bari. Mu a wajenmu, kun sani, babbar mai girki juya baya take yi in za ta zuba kayan ƙamshi, kada a gani. A can kuwa sai an kira kowa ya zo ya leƙa.

Ranar Juma'a da safe, kafin a buɗe, akwai darasin da ba na mantawa. Ya Falmata takan sa tabarau ta zauna a zaure ta zama baƙo mai rigima. A kawo mata abinci ta ture ta ce ya huce. A sake kawowa ta ce ba shi ta ce ba. Ta kira mai kawowar da "ke", ta ce a kira mata mai gidan. Sauran suna laɓe a ƙofar kicin suna ƙunshe dariya. In yarinya ta yi fushi ko ta yi kuka, sai ta cire tabarau ta ce, "Zo zauna. Wannan mutumin ba da ke yake ba, da yunwarsa yake. Kada ki durƙusa masa, kada ki harare shi. Ki ce, yi haƙuri, yanzu za a gyara, kuma ki gyara ɗin." Sannan ta mayar da tabarau a sake daga farko.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da zarar mace ta ƙware, Ya Falmata da kanta take fita nema mata wuri. Wata tana girki a makarantar kwana, wata a wani otal, wata ta buɗe rumfarta kusa da jami'a. Sukan leƙo ranar hutunsu su karɓi wani darasin. Na ce da ita, "Ya Falmata, ke kina shan wahalar koyarwa, wasu suna cin moriya."

Ta ce, "In na riƙe su, waɗanda ke bakin ƙofa ina za su shiga? Kullum da safe akwai mai jira."

Doguwar matar nan da ta shige ƙarƙashin tebur sunanta Yagana. Mutuniyar Baga ce, mijinta masunci. Ranar da aka shiga garinsu yana kan ruwa, ita ta fito da 'ya'ya uku a ƙafa, tun daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. A sansanin 'yan gudun hijira take zaune, cikin tanti, kullum daga can take zuwa. Kwana biyu ina jin nauyin haɗa ido da ita, sai ita ce ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Malama, nuna mini naɗin samosar nan kuma, nawa yana buɗewa a mai." Ba mai saurin ɗauka ba ce, amma abin da ta riƙe ta riƙe shi. Shinkafarta ta farko ta caɓe, ta biyu ta yi tsatsa. Ta ci gaba da zuwa da wuri tana gwadawa da ɗan gwangwani guda, har ranar da na ɗanɗana na rasa abin gyarawa.

Da ita na je kasuwar kifi ta Baga Road. Tun daga nesa hanci ke sanar da kai ka iso. Kwalaye ne na bandar kifi an jera su sun fi tsayin mutum, ana ɗora wa manyan motoci masu zuwa kudu. Ina ta salati, wani ɗan kasuwa ya ce, "Hajiya, ai wannan saura ne. Da kin zo kafin rikici, da ba ki sami wurin taka ƙafa ba." Yagana ta bi rumfuna tana gaisawa da mutanen garinsu. A kowace rumfa, bayan an gama ciniki, sai ta yi wata gajeriyar tambaya da Barbarci, a girgiza mata kai, ta ce "To," mu wuce. Ban buƙaci tafinta ba.

A mako na uku aka shiga maganar rufe sansaninsu, kowa ya koma garinsa. Wasu suna murna. Yagana kuwa ta daina cin abinci. Ta ce da ni, "Malama, ba garin nake ƙi ba. Hanyar da na bi na fito ce ba zan iya sake gani ba."

Ya Falmata ta shiga ta fita, ta samo labarin wani masaukin baƙi wajen jami'a da ke neman mai riƙe kicin, kuma aikin har da ɗaki a bayan gidan. Manajan ya ce ba ya ɗaukar kowa da baki. Akwai masu taro da za su ci abincin rana a wurinsa, ta zo ta dafa, in baƙi sun yaba shi ke nan. Ya yarda in raka ta in taya ta yanke-yanke, amma ban da tukunya. Da za mu fita Ya Falmata ta riƙe hannuna ta ce, "Ko me ya faru, kada ka karɓi ludayinsa."

Kicin ɗin na zamani ne, murhun gas da tayil har bango. Manajan, wani siririn mutum mai suna Malam Usman, ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa da wayarsa, kamar ba ya kallonmu. Yagana ta yi bismilla ta fara. Kaji suka dahu aka tsame, shinkafa ta tsane a kwando, ta ɗora babbar tukunya ta zuba mai da albasa, ta juye karas da koren wake. Komai na tafiya daidai.

Sai muka ji wani dum daga nesa, wanda ya sa gilashin taga ya yi rawa. Daga baya aka ce sojoji ne ke gwajin manyan bindigogi a bayan gari. A lokacin dai ba wanda ya ce mana ga ƙara nan.

Ni kaina na durƙushe. Da na waiwaya, Yagana tana ƙasa jikin kabad, ta rufe kunnuwa, ludayin yana gefen murhu. Albasa na soyuwa, na san saura kaɗan ta ƙone, in ta ƙone kuma ɗacin zai bi shinkafar gaba ɗaya. Hannuna har ya tafi. Na tuna maganar Ya Falmata, na mayar da shi na riƙe gefen zanina. A rayuwata ban taɓa jin tsayuwa mai wuya irin wannan ba. Malam Usman ya ajiye wayarsa.

Na ji tana karanta wani abu a hankali. Sannan ta dafa kabad ta miƙe. Ta rage wuta, ta ɗauki ludayin ta juya. Ba ta dube mu ba ta ce, da wata murya da ba tata ba:

"Ga ƙara nan. Ba ya zuwa shi kaɗai."

Na ce, "To."

Malam Usman ma ya ce, "To."

Na biyun ya zo, ya fi na farko. Kafaɗunta suka ɗaga, hawaye na bin fuskarta, amma ludayin bai tsaya ba. Ta juye shinkafa, ta barbaɗa kori, ta ce in miƙo mata hanta.

Baƙi suka ci, tire ya dawo babu komai, wani ma ya aiko a tambaya ko da saura. Duk da haka da Malam Usman ya kira ta ofis, sai ta fara ba shi haƙuri kan abin da ya gani. Ya katse ta ya ce, "Yagana, ni daga Gwoza na fito. In za a kori duk wanda ke faɗuwa ƙasa in ya ji wannan, da ni za a fara. Shinkafarki ba ta ƙone ba. Ki zo ranar Asabar da kayanki." Ya ƙara da cewa yaji ya ɗan yi yawa a kajin, baƙinsa ba duka ne 'yan gari ba, ta kula.

Da muka koma Limanti da labari, matan suka so rangaɗa guɗa. Wata ta riga su ta ce, "Ga ƙara nan," aka fashe da dariya, sannan aka yi guɗar.

Ranar Asabar, ana jibi zan taho, ni da Ya Falmata muka raka ta ɗauko kaya daga sansani. Duk abin da ta mallaka keke napep ɗaya ya ɗauke, har da ita da yaran a ciki, mu muka bi su a wani. Ɗakin ƙarami ne, siminti a ƙasa, taga ɗaya, ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Aka shigar da katifa da tukwane biyu da buhun kaya. Ya Falmata ta ciro kasko daga jakarta ta turara kusurwa huɗu, ta yi addu'a muka shafa.

Muna shirin zama sai Yagana ta ce, "Ya Falmata, Malama, don Allah ku ɗan fita."

Muka dubi juna, muka fita. Ta turo ƙofar, muka ji ta sa sakata. Muna tsaye a rana ba mu san abin yi ba. Can sai muryarta ta fito daga ciki.

"Ku ƙwanƙwasa."

Ya Falmata ta gane kafin ni. Ta sa gefen lafayarta ta share ido, ta ce da ni a hankali, "Tanti ba shi da ƙofa." Sannan ta gyara tsayuwa kamar wadda ta zo gidan babban mutum, ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama.

Aka ɗan jima, kamar mai gidan tana da abin da take yi.

"Wane ne?"

"Baƙi ne daga Limanti, da wata daga Kano."

Sakata ta zame, ƙofa ta buɗe. Yagana na tsaye ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Wushe, wushe. Ku shigo, ku zauna, bari in ɗora muku shayi."

Muka cire takalma muka shiga.